Kujera ta Biyu

Gab da magariba mai kamfani ya iso filin jirgi, ya ce a tashi yanzu. Ni ce mataimakiyar matuƙi. Kyaftin ya nuna masa gabas, inda hadari ya haɗu baƙi ƙirin.

"Ranka ya daɗe, irin wannan ba a ratsa shi. Ƙanƙara ce a ciki, iskarsa kuma karya fiffike take yi."

"Jirgina ne. In tsoro kake ji, tuɓe rigar aikin ka koma gida."

Kyaftin mai iyali ne. Ya haɗiye fushinsa muka tashi, mai kamfani shi kaɗai a baya.

Mun so mu kewaye, hadarin ya rufe mu ta ko'ina. Iska ta cilla mu sama, ta sake mu kamar an tsinke igiya. Ƙanƙara ta hau dukanmu. Wata shuɗiyar wuta na rarrafe a jikin gilashi, warin ashana ya cika mana hanci. Na kira masu kula da saukar jirage ta rediyo, shiru.

Sai muryar wata tsohuwa ta shigo kunnena, ƙasa-ƙasa, a fusace.

"Wane marar kunya ne ya faɗo min ɗaki? Yarana na barci."

Na dubi Kyaftin. Shi ma ya ji.

Aka ƙwanƙwasa tagarsa. Daga waje.

Na kama addu'a. Ƙasa kawai muke yi.

Tsohuwar ta ce, "Wa ya aiko ku?"

Kyaftin ya cije leɓe. "Yana baya. Kujera ta biyu."

Ƙwanƙwasar ta bar wajenmu. Muna jinta tana bin jikin jirgin a hankali, taga bayan taga.

Ta tsaya.

Ko ihu ba mu ji ba. Hadarin ya tofo mu waje, muka sauka da ƙyar da inji ɗaya.

Mun tarar da mai kamfani a zaune, bel a ɗaure, jikinsa sharkaf, ƙanƙara a gemunsa. Sauran kujerun a bushe. Yana raye, amma har yau bai sake furta kalma ba.

Na tare Kyaftin a gindin matakalar jirgin, cike da haushi.

"Mutum ne fa. Kai ka miƙa mata shi."

Bai ko kalle ni ba.

"Tambayata aka yi, ƙanwata. Da ƙarya kike so in yi mata?"

Yana nan yana tuƙi. Ni dai ban ƙara zama kusa da shi ba.