Wuyan Amurka, Jikin Maɗaci

"Tsaya! Kashe mota! Kashe, don ubanka!"

Direba ya taka birki. Motar ta yi gefe, ta daki kututturen da aka gitta a hanya, ta mutu. Mutum biyu suka ɓullo daga cikin gero, fuska naɗe da rawani, kowa da bindiga. Na uku ya tsaya can baya wajen babura, bai matso ba.

Damina ce, gero ya shanye kan mutum. Tsakanin Dogon Kiriya da Dogon Dutsi, in ka yi kururuwa a wannan wuri, sai dai tsuntsaye su ji ka.

"Kowa shi sauko! Kwance! Huska ƙasa!"

Makaɗa ne, daga biki suke dawowa. Suka zube cikin laka. Mai ganga ya miƙo wayarsa. Tukur, shugaban 'yan fashin, ya ture ta da ƙafa.

"Riƙe tsiyarka. Ina baƙin akwati?"

Akwatin yana hannun wani tsoho da bai kwanta ba. Mahaman ke nan, wanda duk Arewa ke kira Mahaman Bas, saboda gitarsa mai kaurin murya. Ya yi kiɗa a manyan orkes, ƙungiyoyin makaɗa na Yamai, tun yana saurayi, ya dawo gida da furfura da gita guda. Ya rungume ta a ƙirji kamar jinjiri.

"Ɗana, ga kuɗɗin biki nan, ku ɗauka," in ji shi. "Wagga ba ta yi muku komi."

"Saki!"

Yazid, na biyunsu, ya fizgi akwatin. Tsoho ya riƙe. Suka ja juna. 'Yarsa Rumaisa'u, wadda take yi musu waƙa, ta ɗago kai daga ƙasa.

"Baba, ka ba su! Don Allah ka ba su!"

Amma idon tsohon ya riga ya wuce su. Ya sauka kan na ukun, wanda ke tsaye yana buga yatsu biyu a kan tankin babur, bai ma san yana yi ba. Mahaman ya san wannan bugu. Shi ya koyar da shi.

"Is'haƙa? Kai ne?"

Tau!

Harbi ɗaya. Yazid bai ko jira umarni ba. Tsoho ya durƙusa, ya kife. Akwati ya kuɓuce.

"Mu tahi! Mu tahi!"

Babura suka kutsa cikin gero. Kukan Rumaisa'u ya bi su, har ƙarar inji ta danne shi.

Is'haƙa ne ya kawo maganar tun farko. Shekarunsa da yawa a gidan Mahaman, yana ɗaukar akwati, yana koyon kiɗa, yana cin tuwon gidan. A gabansa wani Bature mai ɗaukar waƙoƙi ya taɓa duba kan gitar, ya zare ido, ya ce irinta ƙirar Amurka ce ta zamanin da, a Turai tana kai sefa miliyan ashirin. Mahaman ya yi dariya kawai, ya rufe akwati. Is'haƙa bai yi dariya ba. Ya tafi Aljeriya neman arziki, aka koro shi, ya dawo ba ko sisi. Maganar Baturen kuwa tana nan tana cinsa. Ranar da ya faɗa wa Tukur, sharaɗi ɗaya ya kafa: kada a taɓa tsoho.

Da suka tsaya a wani kwazazzabo, ya cakumi wuyan Yazid.

"Mun yi da ku ba a taɓa shi!"

Yazid ya hankaɗa shi. "Wa ya kira sunanka? Ni? Kanka na tsirar, sakarai."

"Ya isa," in ji Tukur. "Abin da ya wuce ya wuce. Gobe muna wajen Idris mai kayan sauti. Miliyan ashirin na share hawaye, mon ami."

*

Kafin motar jandarma ta iso, an lulluɓe Mahaman da zanen 'yarsa. Shugabansu, Ajidan Rufa'i, ya tsuguna gaban Rumaisa'u. Ba ta kuka yanzu. Laka ta bushe a fuskarta.

"Ɗiyata, mi sunka ɗauka?"

"Gita."

"Sai mi?"

"Ita kaɗai. Ɗayansu Is'haƙa ne, yaron gidanmu." Ta yi wata dariya marar daɗin ji. "Ajidan, abin da sunka kashe shi dominsa bai kai kuɗɗin tumaki biyu ba. Da sun tambaye shi da ya hwaɗa musu."

"Ina za su kai ta?"

"Mutum guda ke sayen irin wanga kaya a ƙasarga. Idris mai kayan sauti, kudu da Tibiri, kusa da iyaka. Baba ya taɓa zuwa wajensa."

Ajidan ya miƙe, ya ciro waya.

*

Da hantsi suka shiga shagon Idris ta ƙofar baya. Lasifikoki ne jibge har rufi, rabinsu na sata. Idris mutum ne mai tumbi da taushin murya. Ya buɗe akwati a kan tebur, ya dubi gitar, ya dubi su ukun.

"Ku zamna," ya ce. "A dahwa muku shayi."

"Ba shayi ya kawo mu ba," in ji Tukur. "Hwaɗi kuɗɗi."

"Ba a yi wa doki kuɗɗi sai an buɗe bakinsa. Haƙuri."

Ya taɓa wayarsa kamar mai duba lokaci, ya kife ta. Ya ɗauko turnabis, abin kwance kusa. Ya sassauta wayoyin gitar huɗu, ya juya ta, ya soma kwance kusoshin da suka riƙe wuya da jiki. A hankali yake yi, kamar mai fiɗar akuya. Yazid yana ta kai da komo, bindiga cikin riga.

Wuya ya rabu da jiki. Idris ya kai gindin wuyan wajen haske.

"Ga tambari nan, ga shekara. Sittin da uku. Wanga wuya na gaske ne, daga Amurka ya hito."

Tukur ya washe baki. Ya bugi kafaɗar Is'haƙa. "Ka ji ko?"

"Dakata, patron." Idris ya kankare fenti da bakin turnabis a cikin ramin da wuya ya fita. Jan itace ya bayyana. Ya shinshina, ya miƙa wa Tukur. "Mi ka ji?"

"Icce."

"Maɗaci ne. Namu na gida. Kahinta ya sassaƙa shi, kuma hwentin mota anka shahwa mishi. Jikin na asali tun shekarar yunwa tsoho ya sai da shi a Yamai, ya sayi gero."

Idris ya ci gaba, yana nuni da turnabis.

"Kunnuwan ɗaure waya, biyu nata ne, biyu na wata gita ce. Ƙarhen gindi, maƙeri ya buga shi. Kan ma ya taɓa tsagewa, ga layin gam nan. Baturenku kai kaɗai ya gani, bai kwance komi ba."

"Ƙarya kake!" Yazid ya daki tebur. "So kake ka cuce mu!"

"To saurara." Idris ya zare ƙarafan nan da ke ƙarƙashin wayoyi, masu ɗaukar sauti. Ya jefa su a tebur kamar ƙwallaye. "Mikoro. Nan rabin darajar gita take. Waɗanga 'yan Sin ne, na kasuwa. Ni na ɗaura su da hannuna."

"Kai?" in ji Is'haƙa. Karo na farko ke nan da ya buɗe baki.

"Ni. Na asalin ni na saye su, bara waccan. Tsoho ya zo nan da kansa, cikin rana. Na ce Mahaman, ka sai da waɗanga, ka sai da muryarta. Ya ce wani yaronsa ne anka koro daga Aljeriya, anka zubar a Assamaka, ba lahiya, ba kuɗɗin mota. Ya ce murya ba ta hi rai ba. Ya roƙe ni kar in hwaɗa ma kowa."

Is'haƙa ya nemi bango ya jingina. Ya tuna direban da ya neme shi da suna a tashar Assamaka, ya damƙa masa kuɗi, ya ce wani ne ya aiko. Duk wannan lokaci ya ɗauka kawunsa ne. Har godiya ya je ya yi, kawun kuwa ya karɓa bai musa ba.

 Ya sulale ƙasa.

Tukur bai ko dube shi ba. "Nawa?"

"Wuyan kaɗai nake so. Jikka ɗari, sefa dubu ɗari ke nan."

"Jikka ɗari? Mun yi kisa, Idris!"

"Ni na aike ku?"

Yazid ya juyo kan Is'haƙa, ya zaro bindiga. "Miliyan ashirin, ko? Ɗan iska! Ka sa na ɗauki rai a kan iccen wuta!"

Is'haƙa ya ɗago ya dube shi. "Harba."

Tukur ya shiga tsakani. Amma kunnensa yana waje. Ya ji abin da sauran ba su ji ba: mota tana tahowa a hankali, ba ƙarar motar kasuwa ba ce. Ya dubi wayar Idris da ke kife. Ya dubi shayin da ba a ɗora ba. Ya gane.

Babur ɗaya ne ke da mai, wannan ma ya sani.

"Yazid, tsare su nan," ya ce a natse. "Bari in kira wani mai saye a Kangiwa, in nuna mishi tambarin. Nan ba rezo, waya ba ta shiga."

Ya ɗauki wuyan gitar, ya soka a bayan riga, ya fita. Yazid ya tsaya, bindiga a hannu. Sai ya ji an tayar da babur.

"Tukur!"

Ya banke ƙofa. Tukur ya riga ya miƙi lungu, ya sunkuya, wuyan gita ya tsiro ta bayansa.

"Maci amana!"

Tau! Tau! Tau!

Babur ya yi sama. Ya daki katanga. Tukur ya faɗo ta baya, wani abu ya yi ƙara — ƙas! — kamar an karya kara.

"Jandarma! Aje bindiga! Aje!"

Sun ɓullo ta bakin lungu. Yazid ya juya da bindigar a hannu. Ko ajewa zai yi, ko harbi, Allah kaɗai ya sani. Ba su jira ba. Ya faɗi a bakin kwata, takalminsa ɗaya a cikin shago.

Ajidan Rufa'i ya shiga da bindiga a gaba. Ya tarar da Idris a ƙarƙashin tebur yana salati. Is'haƙa kuwa yana zaune inda yake, ya miƙo hannuwa biyu tun kafin a ce masa komai.

"An rufe tsoho?" ya tambaya.

"Jiya, kafin magariba."

"Rumaisa'u ta ce wani abu?"

"Ta ce sunanka," in ji Ajidan, ya danna ankwa.

A waje wani jandarma ya juya gawar Tukur. Wuyan gitar ya karye gida biyu, daidai tsakiya.

Haka aka tashi. Kabari uku: na Mahaman, wanda rabin Dogon Dutsi suka raka, da biyu da ba wanda ya je sai masu haƙa. Is'haƙa ya sami shekara ashirin. Bai ɗauki lauya ba, bai nemi sassauci ba. Orkes ɗin ta watse kafin kaka, mai ganga ya koma tura amalanke. Idris, da yake ya taimaki hukuma, ko kwana bai yi a tsare ba, shagonsa yana nan a buɗe.

Bayan an gama shari'a aka kira Rumaisa'u ta karɓi kayan mahaifinta. Aka zube mata su a kan benci: jan katako, guntayen wuya biyu, 'yan ƙarafa a leda. Ta tsaya tana kallonsu. Magatakarda ya miƙo mata biro ta sa hannu.

Ba ta karɓa ba. Ta gyara mayafi.

"Akwai mai tuyar ƙosai a bakin ƙohwa," ta ce. "Ku ba ta ta hura wuta."