Angon da Bai Ga Kore Ba

Falon Hajiya Khairiyya ya cika da yadduka ranar Asabar ɗin nan, an baje su a kan kafet ana zaɓen ankon biki. 'Yarta Rumasa'u, wadda ke karatun zane da tsara kaloli a jami'a a nan Greensboro ta Amurka, tana durƙushe tana bayani baki har kunne.

"Momi, kore na ranar ɗaurin aure ne, alamar albarka da sabuwar rayuwa. Shunayya ta iyaye ce, kalar daraja. Wannan majenta kuwa, jan nan da ya sirka da shuni, na ƙawayena ne, saboda farin ciki!"

Rabiou, saurayin da za ta aura, ya shigo gaisuwa. Ɗan Maraɗi ne, direban motar kaya a wani kamfanin kujeru. Yana rakuɓe a bakin ƙofa, kai a ƙasa, sai Hajiya ta ce, "Ɗan nan, miƙo mini koren nan da ke gabanka."

Ya kai hannu ya ɗauko majenta.

Rumasa'u ta fashe da dariya, amma da ta dubi fuskarsa sai dariyar ta maƙale. Gumi ne ke tsattsafo masa a goshi.

"Kore na ce," in ji Hajiya a hankali.

"Pardon, Mama... ni duka biyun toka-toka nake ganinsu."

Hajiya ta dafe ƙirji. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Bayan ya fita ta rufe ƙofa, ta juyo ga Rumasa'u. "Haka makantar mahaifina ta fara a Kano, yau bai ga wannan ba, gobe bai ga wancan ba. Ina kallo uwata ta ƙare ƙuruciyarta riƙe da sandarsa. A can ma da dangi ke nan, balle ƙasar da ko maƙwabcinki bai san sunanki ba. Wa zai kama miki? A dakatar da bikin nan!"

"Momi, don Allah..."

"Na gama magana!"

Abinci ya fita ran Rumasa'u. Duk lokacin da ta ji jiniyar motar asibiti a titin High Point Road sai gabanta ya yanke ya faɗi, ta tuna Rabiou yana kan titi da ƙatuwar mota. Ta kira shi tana kuka.

"Yaya kake yi da danja?"

"Ta sama tsayawa, ta ƙasa tafiya. Haka na haddace. Tun ina yaro nake ɓoyewa, Rumasa'u. Tsoron likita nake, kada ya ce duhu na tafe. In Mama ta ce in haƙura, ba zan ga laifinta ba."

"Ni fa? Ka tambaye ni?" Ta share hawaye. "Ba zan saɓa wa Momi ba, amma ba zan guje ka ba. Mu je a duba, kome aka gani mu ji shi tare."

Sai da ta yi ta bin mahaifiyarta da roƙo kafin ta yarda ta raka su. A ɗakin jiran likitan ido Hajiya na jan carbi, Rumasa'u na zaune kusa da ita. Aka shiga da Rabiou ciki, aka nuna masa wasu faifai masu ɗigo-ɗigon kala, aka haska cikin idonsa, aka auna.

Daga ƙarshe likitar ta fito tare da shi, ta ce musu da abinsa aka haife shi. Wasu kaloli ne kawai ba ya bambancewa, abin ba ya ƙaruwa, kuma ba hanyar makanta ba ce. Ganinsa garau yake.

Rumasa'u ta fassara wa mahaifiyarta. Hajiya ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka mai isarta, sannan ta dubi Rabiou.

"Ka yafe mini, ɗana. Ciwon mahaifina na ɗora maka. Amma kai ma kada ka sake ɓoye wa matarka abin da ke cin ranka."

Ya durƙusa a wurin, a gaban Turawan da ke jira. "Ba zan ƙara ba, Mama."

An ɗaura aure bayan Babbar Sallah, kuma Hajiya da kanta ta riƙo hannun amarya ta kai ta ɗakinta.

Tsoro mugun alƙali ne, yakan yanke hukunci kafin ya ji shaida. Wanda ya yi haƙuri ya bincika, bai wulaƙanta iyaye ba, bai kuma yasar da masoyi ba, shi ke cin ribar duka biyun.