Rikodar da Ta Ɓace a Zauren Malam

Da hantsin Litinin Ashraf ya shiga ofishin 'yan sanda, ido jajir. Jiya an ɗauke masa 'yar rikodarsa ta zamani, wadda ba ta cin kaset, a zauren Malam Abdulmalik da ke Nasarawa Gwom. Karatun wata uku na cikinta.

Insfekta Pam ya bi shi zauren.

"Ina ka ajiye ta?"

"Kan darduma, oga, ita da wayata. Na fita alwala."

"Wayar fa?"

"Ga ta nan."

Ɓarawon da ya tsallake waya ba abin sayarwa yake nema ba. Pam ya juya ga Malam.

"Allah gafarta Malam, kafin Ashraf wa ke naɗar karatun?"

"Usumanu Jika. Shekara goma sha takwas yana zama a hannun damana da rediyonsa mai kaset. Da na ji yadda ta Ashraf ke fitar da murya, sai na ce su canza wuri."

Pam ya tarar da Usumanu a shagonsa, kaset jere har rufi, babu mai saye ko ɗaya.

"Ana tashi daga karatu na wuce kasuwar Katako," in ji shi. "Wannan abin nasu mai kama da kwalin ashana, ko kallo bai ishe ni ba."

Hanatu mai tireda, maƙwabciyarsa, ta faɗi wani abu dabam.

"Wane Katako? Yana shago tun azahar. Har ƙananan batir biyu ya saya a wurina, shi da kullum manya yake saye."

Pam ya koma wurin Usumanu.

"Baba, rediyonka wane batir yake ci?"

Usumanu ya jawo durowa. Ya fito da rikodar a naɗe cikin farin hankici.

"Rijiya na yi niyyar jefa ta. Na kasa, akwai ayoyi a ciki."

"Batir ɗin fa?"

"Nata ya mutu. Ni kuma so nake in ji da kunnena, ko da gaske ta fi tawa."

"To, ta fi?"

Usumanu ya miƙa masa rikodar.

"Har numfashin Malam ana ji."

Pam bai fito da ankwa ba. Ya tsaya har dattijon ya kulle shagonsa, sannan ya buɗe masa ƙofar mota.