Bif Daga Layin Hanzala

Wayar ta yi ƙara sau ɗaya ta katse. Rahma ta dubi sunan.

Hanzala!

Mijinta ne, wanda kwalekwale ya kife da shi a tafkin Lagdo, ba a ga gawarsa ba. Haka yake mata a da: in ya sauka lafiya sai ya yi mata bif, ƙara ɗaya ya katse. Ta jira shekarun da shari'a ta yanke, ta yi takaba, har an sa ranarta da Mahfuzu. Sai layin ya farka. In ta kira, a kashe.

A gabanta kwamfuta na nuna aikin digirinta: hoton da na'urar hangen nesa ta ɗauko daga sararin samaniya da hasken eksire, irin na hoton ƙashi a asibiti. Tauraro ne da ya fashe tun zamanin da, amma ƙwayarsa na nan tana juyi, tana hura iska mai walƙiya kamar shuɗin hayaƙi.

Da la'asar Mahfuzu ya same ta a zaure, idonta jawur.

"Ya sake kira?"

Ta gyaɗa kai.

"Hasken idona, dube ni..."

"Kada ka kira ni haka! In yana raye, matar wani kake kallo."

Ya sunkuyar da kai. Yana da tsoron Allah, abin da ya yi ƙaranci a samarin yanzu.

"Ke kika ce min tauraron nan naki ya mutu, amma yana ta haske."

"Shi ke ba ni tsoro, Mahfuzu. Kullum ina kallon mataccen da ya ƙi yin shiru."

"In Hanzala ne, da kaina zan je Lagdo in taho miki da shi. In ba shi ba ne fa?"

Dada, mahaifiyar Hanzala, tuni ta aiko a dakatar da biki. Bilki, ƙanwar Hanzala, ce ta kawo saƙon, tana satar kallon motar Mahfuzu.

Ranar Juma'a, liman na tsakiyar huɗuba, garin Garwa ya yi tsit, wayar ta sake ƙara.

Wannan karon Rahma ba ta yi kuka ba. A aikinta ba a yarda da haske sai an gano inda ya fito. Hanzala ko da zazzaɓi ba ya fashin Juma'a. Kowane namiji na masallaci yanzu...

Ashe mai kiran mace ce. Ta zari mayafi ta hau mashin, sai gidan su Hanzala. Ta tarar da Dada a kan sallaya, Bilki na tsintar shinkafa.

"Dada, ɗanki ya kira ni yanzu."

"Alhamdu lillahi! Na ce muku yana raye!"

Rahma ta danna kira, rabin zuciyarta na roƙon ta ji muryarsa.

Ƙarar ta tashi daga ƙugun Bilki, ta manta ba ta kashe wayar ba.

Tiren shinkafa ya kife.

"Dada, wallahi... layin kawai na sabunta da takardunsa... Ita ta samu Yaya, kuma ta samu Mahfuzu? Ni fa?"

Dada ba ta dube ta ba. Wanda ya yi wasa da sunan mamaci don son zuciya bai cancanci ko zagi ba. Tsohuwar ta karɓi wayar ta rungume, ta yi kukan da ta ƙi yi tun ranar da ruwa ya ci ɗanta.

"Ashe ya tafi... Rahma, 'yata, je ki yi aurenki."

An ɗaura. Ranar da ta tare, Mahfuzu ya ga sunan Hanzala na nan a wayarta.

"In goge?" ta tambaya a hankali.

"Bar shi, hasken idona. Mu riƙa yi masa addu'a."

Ta bar shi. Har yau in waya ta yi ƙara sau ɗaya ta katse, sai gabanta ya faɗi kafin ta duba.