Rabin Awa Tsakanin Nama da Nono

"Ban faɗa wa Mama ba, Bulelwa..."

Ta bayan taga Lonwabo ya yi maganar, murya ƙasa-ƙasa, don ba a yarda ango ya shigo ɗakin da aka killace amarya ba. Bulelwa tana zaune a kan tabarma, bargo a kafaɗa, baƙin kallabi ya sauko mata har gira. Ƙamshin naman akuya da ake gasawa yana shigowa daga garke, kuma ita ce aka yanka wa akuyar.

"Me ka ce?"

"Na yi niyya. Sau uku ina buɗe baki..."

"Ka rantse mini a asibiti, Lonwabo. Hannuna yana cikin naka."

Ta ɗora tafinta a kan cikinta, daidai inda ƙananan tabo biyar suke.

Sati bakwai ke nan da aka yi mata tiyata aka rage mata tumbi. Kilo ɗari da arba'in da shida take ɗauke da shi lokacin da ta hau gadon likita, ga ciwon suga, ga gwiwoyin da suka daina kai ta ajinta na hawa na biyu a makarantar da take koyar da lissafi a garin Mdantsane. Shekara uku sunanta yana layin jira. Da aka kira ta, dattawan gidan su Lonwabo sun riga sun tsayar da ranar utsiki, ranar da za a ba ta naman ƙafar gaba ta akuya da kindirmon gidan a gaban dangi, don kakannin miji da suka rasu su san ta. Asibiti ba ya ɗaga rana, dattawa ma haka.

Yanzu cikinta bai fi ƙaramin kofin shayi ba. Kunu take sha da cokalin jarirai. Likita ta ja mata kunne da abu biyu: kada ta kuskura ta haɗiyi busasshen nama da girma, kuma kada ta bi abinci da abin sha sai an yi rabin awa. Sau ɗaya ta gwada karya dokar da 'yar tsokar kaza, ta wuni a durƙushe a banɗaki, tana jin kamar an soke mata dutse a ƙirji.

Kuma kowace mace a Qumbu, garin su Lonwabo, ta san abin da ake cewa game da amaryar da ta amayar da naman utsiki: kakanni sun ƙi ta.

Lonwabo ya ce ta daure ta ɗan ci, wataƙila ya zauna. Ya ce ya ji tsoron mahaifiyarsa ne, domin a wurinta matar da aka yanke wa ciki ba ta haihuwa.

"To ni fa? Ni ba ka ji tsoron abin da zai same ni ba?"

"Abar ƙaunata..."

"Tafi. Ga su nan zuwa."

Mutumin nan ya so ta tun tana cika kujera biyu a motar haya, yana biyan kuɗin kujerun yana dariya, yana cewa sarauniya ba ta matsuwa. Shi ya riƙa auna mata romo da cokali bayan tiyata. Ba ƙaunarsa take shakka ba. Ƙarfin zuciyarsa a gaban uwarsa ne ba ta taɓa gwadawa ba sai yau.

Mata suka cika ɗakin, maza suka jeru a gefen ƙofa. Mama Nosakhele, surukarta, ta zauna fuska a ɗaure. A kusa da murhu aka ajiye Makhulu, kakar Lonwabo, tsohuwa 'yar ƙanƙanuwa cikin barguna uku, wadda kowa ya ɗauka gyangyaɗi take yi.

Tun isowarta jiya Bulelwa take jin raɗe-raɗin. Ta zubar da kilo goma sha tara, kayan amarcin da aka ɗinka mata suna lilo a jikinta, ta mayar da kwanon tuwon masara ba ta ci rabi ba. Irin mutanen da suka yi shekara ashirin suna ce mata ta rage ci su ne yanzu suke kallon ramarta suna taɓe baki. A ƙauyen da ya binne 'ya'yansa da yawa, mace ba ta ramewa da sauri a ce lafiya. Ba wanda ya ambaci ƙanjamau a gabanta, amma ta lura an ware mata kofi.

Vuyiswa ce ta ware shi. Yayar Lonwabo ce, kuma ta daɗe da zaɓa masa ƙawarta, ma'aikaciyar banki a Mthatha. Vuyiswar ce ta shigo da naman a kan ganye, ta durƙusa, ta miƙa shi har saitin bakin Bulelwa. Tsoka ce kamar dunƙulen hannun yaro, ta gasu ta bushe.

"Ci mana, amaryarmu," ta ce da murmushi. "Da can ai ba a roƙon ki. Na ji an ce ke kaɗai kike tashi da kaza."

Wasu suka yi 'yar dariya a cikin bargo.

Bulelwa ta karɓa. Kitsen yana ɗiga a tabarma. In ta ci, zai dawo a gaban kowa, ko ya maƙale a inda ɗinki bai gama warkewa ba, ga asibiti mafi kusa tafiyar awa biyu a hanyar duwatsu. In ta ajiye, ta zagi gidan tun daga masu rai har kakannin da aka binne a bayan garke. Ta ɗaga naman. Ƙamshinsa kaɗai ya sa miyau mai ɗaci ya cika mata baki.

Ta rufe ido. Ta buɗe baki...

"Ajiye shi, Bulelwa."

Lonwabo ne. Ya keta layin maza ya shigo tsakiyar mata, inda ba wurinsa ba ne, ya zube a kan gwiwoyinsa a gaban mahaifiyarsa. Ya faɗi komai: ciwon suga, shekara ukun jira, tiyatar, cokalin jarirai. Ya ce ita ta roƙe shi ya sanar tun tuni, shi ne ya kasa.

"Laifina ne, Mama. In ta haɗiye wannan, zan iya rasa ta a kan tabarmar nan."

Vuyiswa ta ce labari ne mai daɗi, amma wa ya gani? Kowa ya san irin ciwon da ake ɓoyewa a bayan sunan tiyata.

Amarya ba ta ɗaga ido a ranar utsiki, balle ta buɗe jiki. Bulelwa ta yi duka biyun. Ta juya wa maza baya, ta zame bargon, ta ɗaga rigarta kaɗan ga matan. Tabo biyar, jajaye-jajaye, a kan fatar da ta fara saki.

Mama Nosakhele ta daɗe tana kallo. Da ta yi magana, ba faɗa ta yi ba, tsoro ne a muryarta.

"Za ki haihu?"

"Likita ta ce in jira shekara ɗaya da rabi, Mama. Ta ce yanzu na fi da can damar haihuwa. Ba inda jariri ke kwana aka taɓa ba."

"Amma in ba ta ci ba, ba ta shigo gidan nan ba," Vuyiswa ta ce. "Ba ni na kafa al'adar ba."

"Ke kika yanka tsokar dai."

Daga cikin bargunan nan uku maganar ta fito. Makhulu ta miƙo hannu, aka ba ta naman. Ta jujjuya shi, ta tambaya ko amarya aka kawo wa ko kare. Sannan ta wangale baki ta nuna musu dasashi, babu haƙori ko ɗaya.

"Shekara goma sha huɗu ke nan rabona da haƙori. Duk yankan da aka yi a gidan nan na ci, kuma ban ji wani daga bayan garke ya aiko yana tambayar girman lomata ba. Ni a ranar tawa, abin da aka ba ni bai kai farce ba, don akuyar ta fi yarinyar nan ramewa. 'Ya'ya tara na haifa."

Ta zaro 'yar wuƙar da take kankare nama da ita, ta zare sili ɗaya siriri kamar zare, ta daddatsa shi a tafin hannunta har ya zama kamar gari.

"Matso, jikata. Tauna yadda likitarki ta ce."

Bulelwa ta tauna. Sau talatin, tana ƙirgawa a zuci, idanu sama da arba'in a kan muƙamuƙinta. Ta haɗiye. Ta ji shi yana sauka a hankali, ta riƙe numfashi tana jiran dutsen nan.

Vuyiswa ta turo ƙwaryar kindirmo da sauri.

"Sai an yi rabin awa," Lonwabo ya ce. Ya kwance agogonsa ya ajiye a bakin tabarma.

Wani kawu ya yi gunaguni cewa ba a taɓa yin haka ba. Makhulu ta ce masa waɗanda ake yi dominsu sun fi shekara hamsin a kwance, ba su da motar da za ta tafi ta bar su.

Aka zauna. Minti goma, gumi ya jiƙa mata kallabi. Minti goma sha bakwai, cikinta ya murɗa, ta dafe shi, ta ga Vuyiswa ta gyara zama. A lokacin ne ta ji wani hannu mai kaushi a bayanta yana shafawa a hankali, sama da ƙasa. Ba ta waiga ba. Ta san ƙamshin man da Mama Nosakhele take shafawa.

Murɗawar ta lafa.

"Ya cika," Lonwabo ya ce.

Surukarta ce ta ɗauki ƙwaryar da kanta. Ta dubi girmanta, ta dubi Bulelwa, sai ta aika a ɗauko mata cokalin shayi. Cokali biyu ta ba ta, ta tsaya.

"Ya isa?"

"Ya isa, Mama."

Sai guɗa ta tashi, kuma Makhulu ce ta fara, da bakin nan nata marar haƙori.

Da yamma, bayan an watse zuwa cin nama, Lonwabo ya sake zuwa bayan tagar. Ya ce ya san bai cancanci a yi masa magana ba.

"Ka makara," ta ce. "Naman yana bakin leɓena."

"Na sani."

"Kada ka ƙara bari in kai nan ni kaɗai."

"Har abada, masoyiyata."

Ta miƙa masa agogonsa ta taga. Ya haɗa da yatsunta ya riƙe, ta bar shi ya riƙe. A bayanta, a kan shiryayyen kwanuka, wani ya riga ya mayar da kofinta cikin sauran.