Kwalaben Sauron Matar Auta

Matar Auta ta dawo daga jami'a ta tarar da kwalabenta a kife a tsakar gida, an wanke su tas.

"Mama! Ina ruwan da ke ciki?"

"Na zubar!" in ji surukarta, ko kallo ba ta ishe ta ba. "Jama'a na kashe sauro, ke kina kiwonsa a gidan ɗana?"

Wayyo Allah! Tsutsar sauro ce take gwada ruwan wani ganye a kanta. Masu ba ɗaliban kimiyyar halittu tallafi sakamakon nan suke jira, kafin su tura ta ƙasar waje koyon aikin bincike. In babu sakamako, babu tafiya. Mama kuwa sarai ta sani.

Ana cikin haka sai ga Auta daga shagon ɗinkinsa. Mama ta tare shi.

"Ba inda za ta! Haka yayanka ya ce, karatu zai yi ya dawo. Ka sake ganin ƙeyarsa?"

Yarinyar ta share hawaye, ta ɗago kai.

"Mama, ba zan yi miki rashin kunya ba, amma wallahi ba zan fasa ba. A kan cinyata zazzaɓin sauro ya ɗauke mini ƙanwata."

Auta ya durƙusa. "Ki gafarce ni Mama, tun kafin aure na yi mata alkawarin karatun nan." Ya miƙe ya ɗauki bokiti da ludayi. "Dakta, tashi mu je!"

Kwata bayan kwata suka dinga bi suna kwaso tsutsa, 'yan unguwa na sheƙa dariya.

"Tela, ɗinkin ne ya ƙi ka koma yashe kwata?"

"Kifi nake kamawa, ku kawo kwano!"

Ita ma sai da ta dara, hawaye na zuba. A ranar ta ƙara jin sonsa har cikin ranta.

A bayan keken ɗinki ta sake jera kwalaben, ta faro gwajin daga farko, ta kai sakamako, ta ci intabiyun masu tallafin. Ranar tafiya ta durƙusa sallama, Mama ta juya mata baya. Can ma kullum sai ta kira, Mama ba ta ɗauka, ita kuma ba ta fasa kira ba.

Da watannin karatun suka cika, Auta ya ɗauko ta daga filin jirgi. Mama na tsaye a bakin ƙofa. Ta riƙe fuskar yarinyar da hannu biyu, ta daɗe tana kallo.

"Ashe ana dawowa?" ta ce, sai kuka ya ƙwace mata.

Ku ji, 'yan mata: ku tsaya kan gaskiyarku, amma kada ku zubar da ladabi. Wani faɗan na iyaye ba ƙiyayya ba ce, tsoron rashi ne.