Sunan Marigayiya a Kan Waifai

Mai kemis yakan ce gidansa ko iska sai ta yi sallama kafin ta shiga: katanga da fasassun kwalabe, ƙofa da kwaɗo, waifai da kalmar sirrin da ba mai iya cankarta. Yakan ƙara da cewa tun da matarsa ta rasu, ɗigon hawaye bai taɓa jiƙa masa gemu ba. Masu sayen magani su gyaɗa kai, don su samu su tafi.

Wata magariba, 'yarsa Auta na ninke kaya a falo, sai talabijin ɗin bango ta kunna kanta. Ba hoto, sai haske toka-toka da wani abu kamar numfashi. Tsakuwa ta faɗo kan rufi. Wata ta biyo.

"Kyanwa ce," in ji mai kemis.

"Baba, kyanwa ba ta jifa."

Kullum rana ta faɗi sai jifa. Auta ta daina cin abinci, ta koma zama gaban talabijin, ido ƙur. Ranar da ta buɗe baki, muryar ba tata ba ce.

"Uwar Auta, kin bar ni da wa?"

Maganar uban ce, wadda yake faɗa shi kaɗai a falon nan, ƙofa a kulle.

Malamin da aka kira ya zauna ya yi ta karatu, har yarinyar ta fara birgima.

"Kai wane ne? Ta ina ka shigo?"

"Ta waifai mana, malam," in ji muryar. "Wa ke haura katanga yanzu? Kalmar sirrin sunan marigayiya ce. Duk layin nan sun sani, har mai wanki da ita yake kallon ƙwallo. Na shigo na tarar da akwatin talabijin mai kunne, na zauna. Ba ni kaɗai ke sauraro ba ma. Mutumin nan kuka yake kamar an yaye shi."

Mai kemis ya kafa wa siminti ido.

"Fita daga jikinta," in ji malam.

"Zan fita. Amma ƙofar da aka bari a buɗe ba a hana ni komawa ta cikinta. Ya cire sunan, ya sa wani abu."

Malam ya dubi mai kemis. Shi kuwa ya ce zai cire. Auta ta yi atishawa, ta faɗi sharaf, jifa ya tsaya.

Mai kemis ya zauna da wayarsa a hannu. An raba kayan marigayiya, an ba da gadonta, ƙamshinta ya bar ɗakin. Nan kaɗai ya rage da ake rubuta sunanta ƙofa ta buɗe. Ya daɗe yana kallon haruffan.

Da safe ya sanar cewa ya sa wata kalma mai lambobi, wadda ko sarkin aljanu zai yi gumi a kanta.

Auta ta zauna a bakin katifa, jiki ba ƙwari, ta kunna wayarta. Ta dubi fuskar wayar, ta dubi uban.

"Baba," ta ce a hankali, "wayata ta shiga waifai da kanta. Ba ta tambaye ni wata sabuwar kalma ba."